Ranar da Aka Raba Akwatunan Ɗana

Shekarun baya, lokacin da ƙafafuna suke iya kai ni Kasuwar Libiya ta garinmu su dawo da ni ba tare da na nemi raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ba, akwai wani ɗaki a gidanmu na Omdurman da ba a shigarsa da takalmi. Ɗakin akwatunan ɗana ne. Ni ban iya rubutu ba, ko sunana na gani a takarda ba zan gane shi ba. 'Yar maƙwabciyata ce take rubuta wannan a wayarta, ina faɗa tana dannawa, ta ce akwai masu karantawa. Na ce mata idan ta ga na yi shiru ta jira ni kawai, zan dawo.

Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya maza biyu. Babban shi ne ɗan farina, don haka ba na faɗin sunansa, yana raye ban faɗa ba, balle yanzu. Ya fara aikin wuta a wani wurin gyara a unguwar Alshajara, daga nan ya bi wani mutum da ke haɗa wa ofisoshi kwamfutoci da waya don su riƙa jin juna. Abin da suke kira shabaka. Ya daɗe yana riƙe wa mutumin tsani kafin ya iya, da ya iya kuwa sai ya dawo gida da shawara. Bayan katangarmu layin shaguna ne: akwai mai buga wa mutane takardu, akwai wurin da samari ke zama su yi magana da 'yan uwansu na waje, akwai wata ƙaramar makarantar koyon kwamfuta, akwai masu yankan tikitin tafiya. Ya ce zai jawo babbar waya ɗaya daga kamfani zuwa gidanmu, ya raba wa shagunan ta kan katanga, su riƙa biyansa duk wata.

Ranar da ya kawo akwati na farko na zaci rediyo ce ba ta da baki. Ƙarfe ne mai faɗi, gabansa ramuka a jere, kowane rami da 'yar fitilarsa. Ya ce sunansa hab. Na ce ni dai akwati na gani. Ya yi dariya ya ce to akwati, amma wannan uwa ce, 'ya'yanta suna hanya. Haka kuwa aka yi. Duk lokacin da shaguna suka ƙaru ramuka suka cika, sai ya sayo wani ya ɗora a kanta, kamar kwanukan da ake jerawa a kai wa mai gida abinci wurin aiki. Ba a ɗorawa haka kawai. Sai ya kashe duka, ya manna wa sabon 'yan ƙafafun roba don iska ta wuce tsakaninsu, sannan ya zagaya baya ya haɗa shi da na ƙasa da wata gajeriyar waya mai kauri. Ya ce da wannan wayar ne dukansu suke zama abu ɗaya. Kowane akwati shi kaɗai zai iya haɗa 'yan kwamfutoci, amma babbar wayar da take shigowa daga waje a jikin uwar take shiga, kuma ta cikin uwar ne yake zama a gaban kwamfutarsa ya ga duk gidan: wane shago ne ya cinye hanya, wace waya ce ta lalace, wane rami za a rufe.

Da wannan ɗakin ya yi aure. Matarsa 'yar unguwar Mayo ce, iyayenta Hausawa ne irin namu da suka taso daga gonakin yankin Jazira. Yarinya ce mai sanyin hali. Ta haifa mana 'ya mace, jikata, kuma tun da aka yaye ta a gadona take kwana. Da ita nake shan shayin safe, ita take ɓoye min carbi ta zauna a kai tana kallona ina nema. Ita kaɗai ce a yaran layinmu take jin Hausa tas, saboda ni ba na yi mata Larabci ko da wasa.

Ɗana yana yawan fita gyara, wutar Omdurman kuwa kun san halinta. Duk lokacin da aka ɗauke aka dawo da ita sai an tashi akwatunan a kan tsari, in ba haka ba su rikice. Ƙaninsa ba ya zama a gida, matarsa tana tsoron taɓa wuta, sai abin ya faɗo kaina. Ya zaunar da ni a kan tabarma ya nuna min. Uwa tukuna. A jira fitilarta ta daina ƙyaftawa ta tsaya. Sannan na samanta, sannan na saman wannan, har zuwa ƙarshe. Kore lafiya ce. Idan rawaya ta yi yawa, shaguna suna ta karo da juna a hanya, a yi haƙuri zai wuce. Idan rami ya yi ja, akwatin ne da kansa ya ware mai wannan wayar don kada ya ɓata wa saura, a zare ta a aika a gaya masa ya duba nasa gefen.

Ya liƙa wa kowace waya takarda da sunan mai ita. Na ce masa wa ya rubuta wa? Na ɗauko zaren saƙata na ɗaura wa kowa nasa: ja na mai buga takardu, shuɗi na makaranta, baƙi da fari na masu tikiti. Da ya dawo ya gani ya tsaya yana kallo, ya ce, "Inna, kin zama muhandisa, cikakkiyar injiniya. Gobe zan sayo miki hular ƙarfe." Na ce ya tafi ya ba ni wuri, mutumin da bai iya ɗaure zaren wandonsa ba sai da ya shiga makaranta. Ban taɓa yabonsa a gaban idonsa ba. Ba a yi wa ɗan fari haka a wurinmu.

Ranar farko da na tashe su ni kaɗai, sai da na yi alwala, ban san dalili ba. Na yi bisimilla na danna uwa da tsinken tsintsiya don kada wuta ta ja ni. Jikata tana bayana tana riƙe da zanina. Da fitilu suka yi kore daga ƙasa har sama, na ji kamar na sauke Alƙur'ani. Daga baya na saba har ina gane lafiyarsu da kunne daga tsakar gida. Idan fankar na uku ta fara gurnani na san ƙura ta taru, ranar Juma'a sai a hure.

Ƙanin mijina malami ne, yana koyar da yara a masallacin unguwa. Tun ina amarya muke wasa da shi. Idan ya zo shan jabana, wato gahawa, ya same ni a ɗakin sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wai tsohuwar matarsa ta bar shi ta auri ƙarfe. Ni kuma in ce ƙarfen ya fi shi, ko ba komai shi yana kawo cefane. Mutumin kirki ne, ina so a rubuta wannan. Shi ya wanke mijina, shi ya tsaya mana a komai.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke ɗana. Bai daɗe yana jinya ba. Ba zan yi maganar asibiti ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, surukata ta shiga takaba, mu biyu muka ci gaba da kula da ɗakin. Ita ta daina tsoron wuta, don dole. Akwatunan ba su san mai su ya tafi ba, suka ci gaba da aiki, shaguna suka ci gaba da aiko da abin da suka saba. Abin da yake yi a kwamfuta ne kawai ba mu iya ba, amma ya bar komai a saite. Mahaifin surukata ya zo daga Mayo ya ce min, idan gidan zai iya riƙe 'yarsa da jikarsa shi ba zai ɗauke su ba, can ma ɗaki ɗaya suke cunkushe. Idan kuwa ba zai iya ba, ranar da ta fita takaba zai zo da mota. Na ce masa gidan zai iya. Na san abin da nake riƙewa. Muddin fitilun nan suna ci, jikata tana gadona.

Ana saura kwanaki ta fita takaba ƙanin mijina ya zo, bai yi min wasa ba. Ya zauna a rumfa ya ce lokacin rabon gado ya yi. Gidan na mijina ne, an riga an san matsayinsa. Abin da ɗana ya bari nasa na kansa shi ne akwatunan nan. Ya ce rabin su na marainiya ne, kuma tun ranar da ubanta ya rasu gidan nan gaba ɗaya yake ci daga ciki babu awo, har shi da yake zuwa shan jabana. Ya ce ba ya iya barci saboda wannan, wanda ya ci dukiyar maraya wuta ya zuba a cikinsa. Na ce to a bar su suna aiki, duk wata a ware wa yarinya nata. Ya tambaye ni wa zai auna, wa zai tsaya a kai shekara goma sha, ni da ban iya rubutu ba kuma ƙafata ɗaya tana kabari, ko yarinyar da gobe wani zai aura. Ya tuna min da gonar mahaifinsu a Jazira da aka bari a haɗe don zumunci, har 'yan uwa suka mutu ba sa gaisawa. Tun daga lokacin danginsu suka yi wa kansu doka: kayan mamaci ba ya kwana a tarayya, kowa a damƙa masa nasa a hannu ya san inda ya tsaya.

Ya yi ƙoƙari ta wata hanyar, ba zan ɓoye ba. Ya aiki ƙaramin ɗana kasuwa ya nemo wanda zai sayi duka a haɗe ya bar su a inda suke. Ya dawo ya ce masu shagunan na'ura dariya suka yi masa, wai irin waɗannan an daina yayinsu, sabbi sun fito da suka fi su, wanda zai saya sai ɗaya ɗaya don ya cire kayan ciki. Abu yana ciyar da mutum huɗu, amma a kasuwa bai kai kuɗin tunkiya ba. Shi kuma ƙaramin nawa hankalinsa ya riga ya tafi, abokansa suna shirin bin sahara zuwa arewa, duk abin da zai samu a hannu yana so.

Aka sa rana bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarma a gaban ɗakin, ƙanin mijina da dattawa biyu na masallaci, da mahaifin surukata suka zauna. Mu mata muna daga bakin ƙofar kicin. Ƙanin mijina ya shiga ya duba akwatunan daga sama zuwa ƙasa, ya ga duk kamarsu ɗaya, sai dai na sama sababbi ne suna ƙyalli, na ƙasan ya tsufa, fentinsa ya goge a inda muke dannawa. Ya ce marainiya ita za a fara zaɓar wa, kuma mafi kyau za a ba ta, don kada gobe ta tashi ta ce an cuce ta. Ya ware mata na sama. Ya ba ni ɗaya, ya ba uwarta ɗaya, ya ce abin da ya yi sama ko ƙasa a yafe wa juna. Tsohon na ƙasa, wanda a ganinsa ya fi kowanne lalacewa, ya ce namiji ya ɗauki nauyi, ya ba ƙaramin ɗana. Dattawa suka ce madalla, an yi adalci.

Ya juyo ya tambaya ko akwai mai magana, irin tambayar da ake yi don a rufe taro. A wurinmu uwa ba ta buɗe baki a kan kayan ɗan farinta. Ko gawarsa aka fito da ita ana son ta kau da kai. Na san wannan, da shi na tsufa. Amma na tashi na fito tsakar gida ba mayafi sosai a kaina.

Na ce, "Malam, wanda ka ba yaron nan shi ne uwarsu. In ya fita daga gidan nan, na yarinyar ƙarfe ne kawai. Ku bar su a haɗe. Ku rubuta duka da sunanta in kuna so, na yafe nawa. Ni dai kada a kwance su."

Babu wanda ya kalle ni. Dattawan suka sunkuyar da kai, kunyata suke ji. Na so in yi musu bayanin gajeriyar wayar baya da babbar wayar waje, amma kalmomin na ɗana ne, ba su zauna a bakina ba, sai na ji ina ta maimaita uwa da 'ya'ya, uwa da 'ya'ya, ina kuka. Kowa ya ɗauka ba maganar ƙarfe nake ba. Ƙanin mijina ya taso ya tsaya kusa da ni, muryarsa a ƙasa.

Ya ce, "Hajiya, yi haƙuri. Duk mun san abin da ke cinki. Shi ya tafi, ƙarfe ba zai dawo da shi ba. Shiga ciki."

Na juya wajen ƙaramin ɗana, don shi ya san gaskiyar abin da nake faɗa. Ya ce min da Larabci, kansa a ƙasa, ai ko an bar su shekara nawa za su ƙara, Yumma, wato inna, kowa ya kusa samun shabaka a wayar hannunsa. Wataƙila gaskiyarsa. Ni ba shekaru da yawa nake nema ba. Nema nake yarinyar ta yi wayo a hannuna.

Shi ƙaramin ɗan nawa ne ya kwance su. Bai ma bi tsari ba, ya zare babbar wayar wuta daga bango, duka suka mutu lokaci guda. Ban taɓa sanin ƙarar fankokin nan ta cika gidan ba sai da ta tsaya. Aka fito da su ɗaya ɗaya aka jera a tabarma, aka yi fatiha. Wayoyin shaguna suka rage a ƙasa da zarurrukana a jikinsu. Kafin magariba mai buga takardu ya leƙo ta katanga yana tambaya ko wuta ce. Aka gaya masa. Ya yi mana ta'aziyya karo na biyu, kuma kafin mako ya zagayo duk layin sun koma wurin wani.

Ƙaramin ɗana ya kai uwar akwatunan Kasuwar Libiya ya sayar. Abin da aka ba shi bai kai shi ko rabin hanya ba, sai da ya haɗa da agogon mahaifinsa. Ya tafi. Yana kira da farko.

Mahaifin surukata ya cika alkawarinsa, ya zo da motar ɗaukar kaya. Ban ga laifinsa ba, da me zan riƙe su? Na fara soya ƙosai a bakin layi, amma ƙosan tsohuwa ba ya ciyar da mutum uku. Aka ɗora gadon surukata da akwatin kayanta, aka ɗora akwatunan marainiya a nannaɗe cikin bargo kamar wani abin daraja. Jikata ta ɗauka yawo za a je, tana murna za ta hau mota. Ta ce in ajiye mata ƙanzon tuwo. Na ce to.

Daga Omdurman zuwa Mayo mota uku ce, a ƙetare kogi, a ratsa Khartoum gaba ɗaya. Da farko ina zuwa duk wata, daga baya gwiwa ta hana, sai salla salla. Wata damina na daure na je bayan an yi ruwa mai yawa. Unguwar duk ta zama taɓo, ruwa ya shiga ɗakuna. Na sunkuya na shiga ɗakinsu, idona ya sauka a ƙasan gado. Akwatunan ɗana ne a ƙarƙashin ƙafafun gadon, an ɗaga shi da su don kada katifa ta jiƙe. Laka ta cika ramukan. Surukata ta ga inda nake kallo, ta ce, "Inna, wallahi babu bulo ne." Na ce ai sun yi amfani.

Aka kira jikata daga waje. Ta yi tsawo. Ta tsaya a bayan uwarta tana leƙena, uwar ta ce ta gaida habbobarta, wato kakarta. Ta miƙo min hannu ta gaishe ni da Larabci, gaisuwar da ake yi wa baƙuwa. Na yi mata magana da Hausa, na tambaye ta ko ta manta da ni. Ta kalli uwarta don a fassara mata.

Bayan shekara biyu surukata ta yi aure, mijin ya tafi da su wani gari. An ce min yana kula da yarinyar, Allah ya saka masa. Ƙanin mijina ya rasu yana ganin ya sauke nauyi, kuma na je na yi masa kuka na gaskiya, don bai ci ƙwayar kowa ba. Nawa akwatin na ba mai gwangwan da ke zagayawa da jaki, ban ma tsaya ciniki ba.

'Yar da take rubutawa ta tambaye ni darasin da za ta sa a ƙarshe, wai masu karatu suna son haka. Na yi ta tunani ban samu ba. Babu wanda ya yi mugunta a cikin labarin nan. Kowa tsoron Allah ya ji, kowa aka ba shi haƙƙinsa a hannu, kuma kowa ya tashi da babu. Da mugu ne ya yi min, da na sami wanda zan kai ƙara wurin Allah, zuciyata ta yi sanyi. Yanzu idan na ɗaga hannu ban san sunan wa zan kira ba.

Yau duk wanda ka tambaya ina 'yan uwansa sai ya ce yaƙi ne ya raba su, a tausaya masa. Ni idan aka tambaye ni nakan ce haka ne, don ya fi sauƙin faɗa. Amma lokacin da yaƙi ya iso ƙofata bai sami kowa ba sai ni. Lambar surukata ta daina shiga tun farkon tashin hankalin, waɗanda na sani a Mayo sun watse, babu wanda zan tambaya.

A lissafina jikata ta isa aure yanzu. Ban san ko ta yi ba.